Idon Malam da Karatun Baffa Lado

Baffa Lado yayan mahaifina ne. A Gubuchi aka haife shi, a nan ya yi noman rakensa, a nan kuma aka binne shi. Duk wanda ya san shi, abin da zai fara gaya maka shi ne mutum ne da ba ya iya magana in an zuba masa ido. Ba i'ina gare shi ba, ba kuma rashin wayo ba ne. In kana gefe kana wani aiki, zai yi ta ba ka labari har ka manta da abin da ke hannunka. Amma da ka ɗago kai ka dube shi cikin ido, sai maganar ta maƙale, ya tsaya kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Yawancin abin da zan faɗa a bakin matarsa Inna Mero na ji shi. Saura kuma na gani da kaina, don a gidansu na zauna har aka yi mini aure.

Kakanmu, Malam Auwalu, shi ne mai makarantar allo ta unguwar, kuma har daga Janfalan da Ikara ake kawo masa yara. Ba mai yawan bulala ba ne. Abin da ake tsoro a wajensa shi ne ido. In yaro ya zo ba da hadda, wato karanta abin da ya haddace da ka, Malam yakan ajiye duk abin da yake yi, ya kafa masa ido har ya gama. Ba harara ba ce, ba fushi ba. Shi a ganinsa haka ake girmama karatu, kuma yakan ce wanda ba ka duba ba, ba ka saurare shi ba. Ko da yake ladabi ne yaro ya sunkuyar da kai a gaban babba, a lokacin hadda Malam ba ya yarda da haka, don ya ce mai sunkuyar da kai allo yake leƙe. Sai ka ji ya ce, "Ɗago ka dube ni."

Mahaifina Zailani, wanda shi ne ƙarami, wannan kallon tashinsa yake yi. In Malam ya dube shi sai ya gyara zama, muryarsa ta fito tas. Lado kuwa akasin haka. Zai wuni yana biya allonsa har ya zauna masa daram, ya karanta wa akuya, ya karanta wa bishiyar tsamiyar ƙofar gida, ba tuntuɓe ko ɗaya. Yana zama gaban Malam, ido ya haɗu da ido, sai ya yi bisimilla ya tsaya. Ya sake bisimilla ya sake tsayawa. Gumi ya keto masa. Malam ya jira, ya jira, sannan ya ce, "Tashi ka je ka sake biyawa."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Ƙanensa ya zo ya wuce shi, ya yi sauka aka yanka masa rago, shi kuwa allonsa na nan kusan inda yake. A ƙarshe Malam ya kira shi ya ce, ba tare da faɗa ba, "Lado, Allah bai ba kowa komai ba. Ga fadamar can babu mai kula da ita. Ka riƙe sallarka, ka riƙe gona, shi ma ibada ne." Lado ya ce to. Ya rataye allonsa a ɗakin mahaifiyarsu, ya ɗauki fartanya.

Noman ya karɓe shi. Rakensa yakan yi kauri, kuma da rani ya kafa injin matsa a bakin fadama, doki na zagayawa yana juya shi, ruwan rake na zuba, ana dafawa a babban kasko har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Mazarƙwailar Lado ta yi suna a kasuwar Makarfi, don ba ta ƙauri, ba ta kuma narkewa da wuri.

A wannan kasuwar ya ga Inna Mero. 'Yar Kudan ce, tana kawo wa mahaifiyarta tallan man gyaɗa da ƙuliƙuli. Ta ce kowace ranar kasuwa sai ya zo ya tsaya a gabanta ya yi sallama, da ta ɗago kai ta amsa sai ya nuna ƙuliƙuli da yatsa, ya saya, ya tafi. Haka ya yi ta saye har yaran makarantar Malam suka fara gudun ƙuliƙuli. Wata rana ya tarar da ita a duƙe tana zuba wa wata mata mai a kwalba mai ƙaramin baki, ba halin ta ɗaga ido kada ya zube. Sai ta ji murya a kanta, a natse, yana gaya mata sunansa da na mahaifinsa, da inda gonarsa take, da cewa ya daɗe yana ganin hankalinta, in ta yarda zai turo magabatansa Kudan.

"Na san in na ɗago maganar ta ƙare," in ji Inna Mero. "Sai na ci gaba da zuba man. Kwalba ta cika, ya malalo a hannuna, matar nan tana ta yi mini magana, ni kuwa ban daina ba sai da ya kai ƙarshe."

Da aka ɗaura musu aure ta zo gidan, sai ta riƙe wannan dabara. In tana son su yi shawara, sai ta ɗauki auduga da mazari ta zauna tana kaɗi, ko ta baza wake a faifai tana tsinta, ta jefa masa tambaya ba tare da ta dube shi ba. A haka suka yi duk maganganun zamansu, na daɗi da na wuya. Ta ce mutane na ganin mijinta shiru-shiru ne, ita kuwa wani lokacin sai ta roƙe shi ya bar ta ta yi barci.

Ita ce kuma ta fara sanin abin da ke cikin kansa. In ta kai masa abinci fadama takan jiyo shi tun daga nesa, yana juya kasko yana karatu, murya a sake, sura na bin sura. Iliminta bai yi zurfi ba, amma ta tashi a gidan da ake karatu, kunnenta ya san mai kame-kame ya san wanda ya riƙe. Ta taɓa ce masa, idonta a kan ƙwaryar fura, "Maigida, wannan karatun da doki ke sha shi kaɗai, me zai hana Malam ma ya ji?"

Ya ce, "Na sha gwadawa, Mero. In na zauna gabansa ba ni ba ne."

Ba ta matsa ba. Ita kuma suruka ce, kunya ba za ta bari ta tunkari Malam da irin wannan magana ba.

Wajen shekarar da aka sami mulkin kai, idon Malam ya fara yana. Da farko ya daina ganin ƙananan rubutu, sai ya koma gane mutane da murya, kafin a ankara sai an riƙe masa sanda. A lokacin mahaifina ya tafi Zariya, an ɗauke shi koyar da Larabci a makarantar boko, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Hidimar tsoho ta koma kan Lado. Kullum bayan azahar zai baro fadama, ya kawo masa ruwan alwala, ya ja shi masallaci su yi la'asar, ya dawo da shi zaure ya shimfiɗa masa buzu. Shi kuma ya koma can baya kusa da ƙofa, ya zauna yana tufka igiyar rama, Malam na tilawa da ka, tunda duba takarda ya gagara.

Wata la'asar Malam yana cikin tilawa ya iso wani wuri inda aya ta yi kama da wata aya a wata surar dabam. Harshensa ya zame ya faɗa waccan. Ya ji ba daidai ba, ya koma baya, ya sake zamewa. Ya koma, ya sake. Da can da ido zai buɗe takarda ya duba. Yanzu sai hannunsa ya shiga lalube a kan buzu.

Daga bayansa wata murya ta kawo ayar a hankali, ta ɗora da mai bi mata.

Malam ya juyo da kunnensa. "Wane ne nan?"

"Ni ne, Malam. Lado."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai ne."

Malam ya gyara zama a kan buzu. Sannan ya ce, "Ci gaba daga nan."

Lado ya ci gaba, hannunsa na kan igiya. Idon Malam na fuskantar wani wuri can gefen ƙofa, fari fat, ba ya kama kowa. Ya karanta har ya kai ƙarshen surar. Malam ya jawo masa wata daga farko, ya ɗauka. Ya jawo wata daga tsakiya, ya ɗauka. Ya nemo wuraren da manyan alarammomi ke tuntuɓe, Lado ya ratsa su kamar hanyar gonarsa. Ba su farga ba sai da ladan ya kira magariba.

A hanyar masallaci, yana riƙe da ƙarshen sanda, Malam ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun muna yara. Duk abin da kuka biya wa Zailani ina ji. In na je fadama sai in maimaita."

"To me ya hana ka ba ni?"

Lado ya yi 'yan taku kafin ya amsa. "In kun dube ni, Malam, sai in shiga tunanin me kuke gani. Ko zamana bai yi ba, ko kun riga kun ga kuskuren da zan yi. Kafin in dawo daga wannan tunanin, karatun ya tafi. Kaina ba ya ɗaukar biyun a lokaci guda."

Malam ya tsaya cak a tsakiyar hanya har sandar ta ja hannun Lado. Ya ce, "Ashe idona ne." Suka ƙarasa masallaci, suka shiga sahu.

Inna Mero ta ce shekarun makantar nan su ne mafi daɗi da mijinta ya taɓa yi. Malam ya sa aka sauko da allon nan daga inda aka rataye shi, aka wanke. Ya sa aka yanka rago, aka kira malaman Gubuchi aka yi wa Lado sauka yana da 'ya'ya huɗu, furfura ta fara fito masa a gemu. Da malaman suka nemi ya karanta musu wani abu, Malam ya ce a bar shi ya zauna bayan ginshiƙi, kowa ya dubi tasbaharsa. Suka yi dariya suka bi, suka kuma ji abin da ya hana su dariyar. Daga nan Malam ya fara karantar da shi littattafan fiƙihu da ka, kullum bayan la'asar, ɗaya na fuskantar gabas ɗaya na tufka igiya. Wani lokaci karatun ya koma hira. Malam ya tambayi yadda ake gane rake ya nuna, Lado ya tambayi labarin zuwan Malam gabas neman ilimi yana saurayi. Uba da ɗa da suka yi shekara talatin ba su wuce gaisuwa ba, sai ga shi ana aiko musu da tuwo ya huce ba su taɓa ba.

Ana nan sai mahaifina ya zo daga Zariya da labari. Ya ji cewa akwai asibitin ido a Kano inda ake cire yana mutum ya koma gani, har ya ga wani tsoho da aka yi wa. Ya durƙusa ya roƙi Malam ya yarda a kai shi. Malam ya yi ta jan ƙafa, ya ce abin da Allah ya karɓa ba a bin sa da rigima. Mahaifina ya juya ga wansa ya ce, "Yaya, ka sa baki. Maganarka yake ji yanzu."

Lado ya sa baki, kuma shi ya ɗauki Malam a baya ya hau da shi motar Kano a tashar Makarfi. Amma kwanakin da Malam da mahaifina suka yi a can, Inna Mero ta lura abinci ba ya shigarsa. Ta ɗauko wakenta ta zauna tsinta.

"Maigida, ba ka murna ne?"

"Ina murna mana. Wane ɗa ne ba zai so ubansa ya ga hanya ba? Sai dai ban sani ba ko zan iya zama gabansa."

"To ka bari ya dawo tukuna. Kada ka yi kukan rashi tun ba a yi rashin ba."

Aikin ya yi kyau a ido ɗaya. Malam ya dawo da tabarau mai kaurin gilashi, ya sauka daga mota da ƙafarsa ba mai ja. Gari ya yi ta zuwa barka. Ya dubi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka haifa yana makaho ya ce a matso da su kusa, ya yi ta shafa kansu yana tambayar wane ne wannan.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, wata la'asar ya ce, "Lado, ɗauko inda muka tsaya." Lado ya zauna. Malam kuwa, bisa sabon da ya yi tun yana matashi, ya ajiye tasbaha ya ɗago fuska. Gilashin nan ya ƙara wa idon girma har ya kusa cika shi. Lado ya yi bisimilla ya tsaya. Ya sake, ya tsaya. Mutum mai 'ya'ya, mai gona, wanda malaman gari suka shaida, ya koma yaron nan mai gumi a goshi.

Malam ya dube shi na ɗan lokaci. Sai ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya dafa ƙasa, ya juya a kan buzunsa har ya fuskanci bango, ya ba ɗansa baya.

Lado ya ce, "Malam, wannan bai dace ba. Ni ya kamata in tashi in koma bakin ƙofa."

"Zauna inda kake. Na daɗe ban ga bangon nan ba, bari in duba ko an yi masa yaɓe da kyau da ba na gani. Karanta."

Baffa ya gaya wa mahaifina cewa da farko dariya ce ta taso masa, sai da ya danne ta sannan ya iya farawa. Amma da ya fara bai tsaya ba. Tun daga ranar haka suke zama, kuma duk wanda ya shigo zauren ya ga babban malami ya juya wa ɗalibinsa baya, ba a yi masa bayani, yakan gane da kansa ko ya tafi da mamakinsa.

Da ƙarfin Malam ya ragu, makarantar ta koma hannun Baffa, ni ma a wajensa na yi karatu. In zai biya wa yaro sabon allo, yakan kira sunansa ya jira sai yaron ya dube shi, don ya ce ido ne ke kamo hankali daga inda ya tafi yawo. Da ya ga hankalin ya zo, sai ya mai da idonsa kan allo ya fara. In lokacin hadda ya yi kuwa, sai ya ɗauki igiyarsa. Yara da yawa da aka ce ba su da ƙwaƙwalwa a wasu wurare, a gabansa suka buɗe baki.

Amma bai mai da wannan doka a kan kowa ba. Ni irin mahaifina ce. In ba a dube ni ba sai in ga kamar ba a damu ba, hankalina ya bi kaza ya bi mai tallan gyaɗa, in yi ta tsallake aya. Baffa ya gane haka cikin 'yan kwanaki. In na zo hadda sai ya ajiye igiya, ya ce, "Hadijatu, ga ni," ya dube ni har in gama. Na san ba sauƙi gare shi ba, don ina ganin yadda yake matse yatsunsa. In na yi kuskure ba ya iya gyara mini yana kallona, sai ya kawar da kai, ya faɗi ayar, sannan ya dawo da idon.

A ranin ƙarshe na rayuwar Malam, sai ya ce a kai shi fadama. Tunda ya ba Lado ita bai taɓa taka wurin ba. Aka ɗora shi a jaki, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar mangwaro kusa da injin. Ya sa tabarau ɗinsa ya zauna. Baffa na tsaye a kan kasko, ruwan rake ya fara kauri, daidai lokacin da ba a ɗauke masa hankali. Ya ji ido a jikinsa, ya waiwayo.

"Malam, in karanta ne?"

"A'a. Ba hadda na zo karɓa ba. Yi aikinka. Tun kana yaro ban taɓa dubanka ba sai don in kama kuskure. Yau kallonka kawai nake so in yi."

Baffa ya koma ga kasko. Ya ɗauki muciya ya ajiye, ya ƙara itace inda ya kamata ya rage, ya zagaya ya dawo bai san abin da ya je ɗauka ba. Kafin ya farga ƙauri ya tashi. Kasko guda ya ƙone, abin da masu aikinsa suka ce ba su taɓa gani a hannunsa ba. Ya tsaya yana kallon baƙar mazarƙwaila, kunya ta rufe shi, ya ce a zuba wa doki.

Malam ya ce, "Kada a ba doki. A zuba a kwanoni a kai mini gida."

Aka kai. Inna Mero ta ce ɗaci gare ta, yara ko lasa ba sa yi. Amma kullum da safe sai Malam ya sa an gutsuro masa an jefa a kununsa, in an kawo masa mai kyau ya ce a mayar, tasa yake so. Da damina ta faɗi ya kwanta ciwon da bai tashi ba, Baffa na zaune a gefen kansa yana karanta masa. Baffa ya riƙe makarantar da gonar tare har tsufa ya hana shi zuwa fadama, sannan ya bar wa 'ya'yansa raken, ya zauna da yara a zaure. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.